Malamin Tarihi Shaida Ne Ko Lauya? Darasin Amurka Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Akwai wata irin ƙarya da mutum zai shirga ta tun daga farko har ƙarshe, amma in ka bi jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya ba za ka kama ko guda da ba gaskiya ba. Malaman tarihi sun fi kowa kusa da ita, kuma ban san darasin da ya fi saurin jefa malami cikinta ba kamar darasin Amurka daga 1945 zuwa tsakiyar shekarun 1970.

Ka ɗauki malamin sakandare, ko a Chicago yake ko a Kano ko a Yamai. Gabansa yara ne 'yan shekara 15 zuwa 17, alli a hannunsa, lokacinsa minti 40. An ce ya karantar da su yadda Amurka ta tafiyar da harkokinta na waje da na cikin gida cikin shekara 30. Ba zai iya faɗin komai da komai ba, dole ya zaɓa. To a wurin zaɓen nan amana take, a nan kuma ha'inci yake samun maɓoya.

In ya ga dama sai ya ce: a 1948 Amurka ta fara shirin Marshall, ta zuba kimanin dala biliyan 13 cikin shekara huɗu don farfaɗo da Yammacin Turai, har da Italiya da Jamus ta Yamma waɗanda jiya-jiya take yaƙi da su. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farar fata da baƙar fata. A 1964 da 1965 aka kafa dokokin da suka rushe wariya suka kuma kare wa baƙar fata ƙuri'arsu. A 1969 ta sauke mutum a duniyar wata. Duk gaskiya ne. Yaro zai fita aji yana ganin ba a taɓa yin al'umma mai alheri irin wannan ba.

In kuma ya ga dama sai ya ce: a Agustan 1945 Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A 1953 hukumarta ta leƙen asiri ta haɗa kai da Ingila suka kifar da gwamnatin Mosaddegh a Iran. A 1954 aka maimaita irin haka a Guatemala. Sannan ga Biyetnam. Wannan ma duk gaskiya ne. Yaro zai fita yana ganin Iblis ne ya yi ƙasa ya kafa tuta.

Malaman nan biyu babu wanda ya ƙirƙiro wani abu, kuma dukansu sun cuci yaron.

Wanda ya ɗan zauna da littattafan alƙalanci na fiƙihu ya san bambancin wakilin mai ƙara da shaida. Wakili, wato lauya a maganarmu ta yau, aikinsa ya tattaro abin da zai taimaki wanda ya ɗauke shi, kowa ma ya san ɓangare yake yi wa magana, shi ya sa alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ɗaya ɓangaren. Shaida kuwa ba na kowa ba ne. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah ya hana ɓoye shaida, ya jingina zunubin ɓoyewar ga zuciya. A Suratun Nisa'i ya umarce mu da tsayar da ita ko da a kanmu ne ko a kan iyaye da dangi. A Suratul Ma'ida ya toshe ɗaya ƙofar, ya hana ƙiyayyar da muke yi wa wasu mutane ta kai mu ga tauye musu adalci. Ƙofar so da ƙofar ƙi, duk an rufe.

To malamin tarihi wanne ne a ciki? Ni a wurina shaida ne, kuma shaidarsa ta fi ta kotu nauyi ta wata fuskar. A kotu alƙali babba ne, ya ga jiya ya ga yau, yana da damar kiran wani shaidan. A aji kuwa alƙalin yaro ne ɗan shekara 16, bai san akwai wani ɓangare ba balle ya nemi jinsa. Abin da malam ya bari bai faɗa ba, a wurin yaron bai faru ba ke nan.

Wani zai ce ai wannan adalcin tsakanin Musulmi ne. A'a. Amru ɗan Asi, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne ya karɓe Masar daga hannun Rumawa da takobi. Amma a Sahihu Muslim, da aka kawo masa maganar yawan Rumawa a ƙarshen zamani, sai ya shiga lissafa halayensu na kirki: natsuwa a lokacin fitina, saurin farfaɗowa bayan masifa, saurin komowa fagen fama bayan an kore su, kyautata wa miskini da maraya da mai rauni, sannan ya ƙara da ta biyar wadda ya yaba ƙwarai, wato hana sarakunansu zalunci. Ba ina cewa Amurkawa su ne Rumawan hadisin ba, wannan bahasi ne na daban. Abin lura shi ne mutumin da ya yaƙe su bai ji cewa faɗin alherinsu zai rage masa imani ba. Haka malaman hadisi suke. An tambayi Aliyu ɗan Madini game da mahaifinsa, ya ce mai rauni ne a riwaya. Bukhari kuma ya fitar da hadisin Imrana ɗan Hiɗɗan duk da an san shi da ra'ayin Khawarijawa, saboda ba a san shi da ƙarya ba. Mutanen da suka gada mana wannan ma'auni, bai dace jikokinsu su zama masu tauye mudu ba.

Yanzu bari in zo kan abin da nake ganin shi ne zuciyar darasin. Littattafai da yawa sukan raba shi gida biyu, babi guda na harkokin waje, babi guda na cikin gida, kamar labarin ƙasashe biyu ne daban. Malamin da ya bi wannan rabon yadda yake ya ɓoye wa ɗalibansa abu mafi amfani, domin kowane babi shi ne tafsirin ɗan'uwansa.

Ga misali. A Disamban 1952, lokacin da shari'ar raba makarantu take gaban Kotun Ƙoli, ma'aikatar shari'a ta gwamnatin Truman ta shigar da takardar goyon bayan iyayen baƙar fata. Cikin hujjojin da ta kafa har da cewa wariyar launin fata tana ba 'yan gurguzu makamin farfaganda, kuma tana zubar wa Amurka da mutunci a idon ƙasashen da take zawarci. Har bayanin sakataren harkokin waje, Dean Acheson, aka saka a ciki. Ka ga ke nan shari'ar makarantar yara a Kansas tana da igiya da ta ɗaure ta da Yaƙin Cacar Baka.

A Satumban 1957 wasu ɗalibai tara baƙar fata suka je shiga wata sakandare a garin Little Rock na jihar Arkansas. Gwamnan jihar, Orval Faubus, ya girke dakarun jiha a ƙofa suka tare su. Hoton wata yarinya cikinsu, Elizabeth Eckford, 'yar shekara 15, tana tafe ita kaɗai da littattafanta, gungun manya na biye da ita suna zagi, ya zagaya duniya. Sai da Shugaba Eisenhower ya turo sojojin tarayya suka raka yaran nan aji. A jawabin da ya yi wa ƙasa ya fito fili ya ce abokan gaban Amurka suna murna da abin, suna amfani da shi wajen ɓata mata suna. Shekara ta gaba kuma gwamnan ya gwammace ya rufe manyan sakandaren garin gaba ɗaya na tsawon shekarar karatu guda da a ce yaran sun zauna aji ɗaya. Malamin da yake da ɗalibai sa'o'in Elizabeth a gabansa, in ya wuce wannan labari da gudu, wallahi ya yi asara.

Makonni kaɗan bayan haka, a Oktoban 1957, ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, ya tsaya wani gidan abinci a jihar Delaware ya nemi lemo, aka ce ba zai zauna ya sha a ciki ba saboda launinsa. Ghana ba ta fi wata bakwai da samun 'yanci ba. Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a Fadar White House don a wanke abin kunyar. A Yunin 1961 irin haka ta faru da jakadan Chadi, Adam Malick Sow, a wani gidan abinci da ke kan babbar hanyar da ta ratsa Maryland, alhali yana kan hanyarsa ta zuwa Washington miƙa wa Shugaba Kennedy takardun kama aiki. Jakadun sababbin ƙasashen Afirka da dama sun sha wannan wulakancin a kan hanyar nan, har gwamnatin tarayya ta koma roƙon masu gidajen abinci da 'yan majalisar jihar su gyara. A watan da ya biyo baya ne Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Amurka, aka karɓe shi da girma, ya yi jawabi a majalisar dokokinsu. Ƙasa ɗaya, bazara ɗaya: a babban birni ana shimfiɗa wa baƙon Afirka darduma, a bakin hanya ana hana shi kofin shayi.

Nan wata mas'ala take tasowa wadda na tabbata ɗalibi mai kaifin basira zai ɗago ta. Idan gwamnati ta goyi bayan 'yancin baƙar fata ne don gudun kunya da tsoron Tarayyar Sobiyet, shin alheri ta yi ko dabara? Haka shirin Marshall: tausayin mayunwatan Turai ne, ko tsoron kada Faransa da Italiya su faɗa hannun jam'iyyun gurguzu, ko neman kasuwar da za ta sayi kayan Amurka? Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce duk sun haɗu, kuma malam ya faɗe su duka. Mu mun san lada a wurin Allah yana bin niyya. Amma malamin tarihi ba mala'ikan rubuta lada ba ne. Aikinsa ya ce ga abin da aka yi, ga dalilan da masu yin suka rubuta da hannunsu, ga abin da ya haifar. Burodin da yaron Berlin ya ci a 1948 ya ƙosar da shi ko da wace niyya aka aiko shi. Yarinyar da ta shiga aji a Little Rock ta shiga.

Sai dai akwai wani zalunci da ake yi a nan ba a lura. In malam ya cika nanata lissafin gwamnati, sai ya ƙwace wa talakawan da suka sha wuyar haƙƙinsu. Ba Fadar White House ce ta fara ba. Baƙar fatan Montgomery ne suka ƙaurace wa motocin haya kwana 381, daga Disamban 1955, suna zuwa aiki a ƙafa, bayan an kama Rosa Parks don ta ƙi tashi daga kujera. Mahaifiyar Emmett Till ce, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955, ta dage a bar akwatin gawarsa a buɗe duniya ta ga yadda aka yi masa. Masu taimaka wa alƙali, dukansu farar fata, suka wanke waɗanda ake tuhuma, bayan 'yan watanni mutanen suka amsa laifin a wata mujalla, sun san ba za a sake gurfanar da su ba. 'Yan mata huɗu aka kashe da bom a wani coci a Birmingham a 1963. Jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, limamin coci ne, kuma malami Musulmi ba shi da wani uzuri na rage masa matsayi saboda haka.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce: Malam, wannan ai wanke su kake yi. To a fahimce ni. Adalci ba shi ne raba allo gida biyu a rubuta alheri biyar a dama, sharri biyar a hagu, a ce an yi canjaras ba. Wannan ma wata ƙaryar ce. Adalci shi ne a ba kowane abu nauyinsa na gaskiya, in ɓangare ɗaya ya rinjaya a bar shi ya rinjaya.

Iran ta mayar da man fetur ɗinta hannun gwamnati a 1951, daga hannun kamfanin Ingila. A Agustan 1953 aka kifar da firayim ministan da ya jagoranci hakan, aka ƙarfafa mulkin Shah har zuwa 1979. Ita kanta CIA ta amsa hannunta a ciki cikin takardun da aka saki a 2013. Ɗalibin da aka koya masa 1979 ba a koya masa 1953 ba, zai ɗauka Iraniyawa sun wayi gari ne kawai suna ƙin Amurka ba gaira ba dalili. Wannan ba ya buƙatar a sassauta shi.

Biyetnam ta fi muni. A Agustan 1964 gwamnatin Johnson ta shaida wa majalisa cewa an kai wa jiragen ruwanta hari karo na biyu a mashigin Tonkin, majalisa ta ba shi izinin amfani da ƙarfi, sanatoci biyu kacal suka ƙi. Daga baya ta tabbata harin na biyu bai auku ba. Sojojin Amurka sama da 58,000 suka mutu, sunayensu na nan a rubuce jikin wani bango a Washington. 'Yan Biyetnam da suka mutu kuwa da miliyan ake lissafa su. Ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka shiga ƙauyen My Lai suka karkashe ɗaruruwan mutanen da ba sa ɗauke da makami, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Rundunar Amurka ta ƙirga 347, Biyetnam ta ƙirga 504. Mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftanar William Calley. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ya ƙare da zaman shekara uku da 'yan watanni a tsare a gidansa.

Malamin da zai kawo wannan ya ce "wasu na ganin kaza, wasu kuma na ganin kaza", ba adalci ya yi ba, tsoro ya ji. Kashe mata da yara zalunci ne, kuma a faɗa wa yara da sunansa. Amma shaidar ba ta cika ba sai ya ƙara da cewa a ranar, wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, shi ma sojan Amurka, ya sauke jirginsa tsakanin 'yan uwansa sojoji da mutanen ƙauyen da suke bi, ya kuɓutar da wasu, ya kai rahoto. Da wanda ya harba da wanda ya tare, kaki ɗaya suke sanye da shi.

Batun Lumumba shi ne inda nake gwada malamanmu na wannan yankin, domin a nan zuciyarmu ta fi zafi. An saba cewa CIA ce ta kashe shi, shi ke nan. Abin da ya tabbata shi ne kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church ya bayyana a 1975 cewa CIA ta shirya kashe shi, har guba aka aika Kongo, amma ba a kai ga amfani da ita ba. An harbe shi ne a Katanga ranar 17 ga Janairun 1961, a hannun abokan hamayyarsa na gida tare da jami'an Beljiyam. Bayan haka Amurka ta rungumi Mobutu, wanda ya karɓe mulki a 1965 ya zauna har 1997. Wannan bayanin bai wanke kowa ba. Wanda ya ɗauko guba da niyyar kisa ba a kiransa mai tsabtar hannu don wani ya riga shi. Amma shaida ba ya cewa ya ga abin da bai gani ba, ko da wanda ake tuhumar mugu ne.

Sai kuma malam ya tambayi kansa: duk waɗannan abubuwan daga ina muka san su? My Lai ɗan jarida Seymour Hersh ne ya fallasa ta a 1969. Takardun sirrin ma'aikatar tsaro kan Biyetnam wani ma'aikaci ne, Daniel Ellsberg, ya fitar da su a 1971, gwamnati ta je kotu don hana jaridu bugawa, Kotun Ƙoli ta ce a buga. A 1974 shugaban ƙasa mai ci, Nixon, ya sauka saboda bincike ya cim masa. Takobin da muke sara da shi, a maƙerarsu aka ƙera mafi yawansa. Wannan ba ya dawo da ran ko yaro ɗaya na My Lai. Amma ɗalibin da yake zaune a ƙasar da ake kafa kwamitin bincike a rufe rahoton a durowa, yana da haƙƙin ya san akwai inda ake buɗe durowar, ko da bayan shekara 20 ne.

Wani abin da nake jin tsoro ga matasanmu ya wuce ƙiyayya. Shi ne su ɗauki Amurka kamar wani mutum guda mai ƙwaƙwalwa guda, wanda ya tsara komai tun 1945 yana zaune yana danna maɓalli. Tarihin da kansa ya ƙaryata wannan. A Mayun 1948 Truman ya amince da kafuwar Isra'ila minti 11 bayan an ayyana ta, alhali sakataren harkokin wajensa, George Marshall, yana adawa da hakan ƙwarai. A 1956 da Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar kan mashigin Suez, Eisenhower ne ya matsa musu, har ya shaƙe Ingila ta fuskar kuɗi, sai da suka janye. Ba don son Larabawa ba, tsoron kada su koma hannun Sobiyet yana cikin manyan dalilansa. A 1973 kuma Nixon ya yi jigilar makamai ta sama zuwa Isra'ila tana tsakiyar yaƙi da Masar da Siriya. Ƙasa ɗaya, hukunci uku, mutane daban-daban, kowane da lissafinsa da masu matsa masa lamba. Yaron da ya fahimci haka ya fara fahimtar siyasa. Wanda aka koya wa cewa komai an riga an tsara shi a wani ɗaki, an mayar da shi ɗan Jabariyya ne ba tare da ya sani ba, sai dai shi ƙaddarar tasa a Washington ake rubuta ta. Irin wannan yaron ba zai ga amfanin ya gyara ko da unguwarsu ba, kuma a gaskiya ya ba wa mahaluƙi girman da bai kamace shi ba.

Zamanin Sanata McCarthy, daga 1950 zuwa 1954, ba sai na tsawaita ba. Zargin gurguzu ba tare da hujja ba ya raba mutane da ayyukansu da mutuncinsu, har majalisar dattawa ta tsawata masa a hukumance. Duk wanda ya ga yadda ake liƙa wa mutum suna a kafafen sadarwa a yau a gama da shi kafin la'asar, ba ya buƙatar sharhi.

Mu ma muna da namu gwanayen a cikin labarin, kuma a nan ne son zuciya yake shigowa ta ƙofar so. Malcolm X ya yi aikin Hajji a Afrilun 1964, ya ga farare da baƙaƙe a sahu ɗaya, ra'ayinsa kan launin fata ya sauya, ya biyo ta Najeriya ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan. Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a Afrilun 1967, aka ƙwace masa kambunsa, ya yi shekara uku da rabi bai yi dambe ba, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa. Abin alfahari ne. Amma malam ya faɗi sauran: ƙungiyar Nation of Islam da dukansu suka bi ta cikinta tana da aƙidun da suka saɓa wa tauhidi da cikar annabci, Ali yana cikinta a lokacin da ya ƙi shiga sojan, sai a 1975 ya koma tafarkin Sunna. Kuma mutumin da ya amsa cewa yana cikin waɗanda suka harbe Malcolm a Fabrairun 1965 ɗan wannan ƙungiyar ne. Wanda ya iya tono asirin CIA ya kasa faɗin wannan, to lauya ne.

Akwai hujja ɗaya da nake girmamawa cikin hujjojin masu saɓa mini. Sukan ce yara ne, zukatansu ɗanye, ga finafinai da waya sun riga sun cika musu ido da Amurka, in malam ya ƙara da yabo ai ya tura mota a gangara, gara a toshe kafa. Na fahimci damuwar. Amma wayar nan da ake tsoro ita ce za ta tona malamin. Yaron zai ci karo da shirin Marshall ko labarin Hugh Thompson cikin dare ɗaya, ya gane an ɓoye masa. Daga ranar ba abin da aka ɓoye kaɗai zai tuhuma ba, har gaskiyar da aka faɗa masa kan Iran da Biyetnam zai fara kokwanto. In kuma malamin mai gemu ne da ɗangalallen wando, tuhumar ba a kansa za ta tsaya ba, addinin da yake wakilta za ta shafa. Mun ga matasan da suka yi nisa da malamai ba don wata shubuha mai zurfi ba, sai don sun kama wani da suke girmamawa yana ƙara gishiri.

Magabata sun bar mana hanyar aiki. Ɗabari yakan kawo riwaya da isnadinta, ya sanar da mai karatu tun a gabatarwa cewa shi mai isarwa ne, nauyin labarin yana kan wanda ya ba da shi. Ibnu Khaldun ya zo ya ƙara da cewa isnadi kaɗai bai isa ba, a auna labarin da hankali da yadda al'umma take tafiya, ya kuma sanya ta'assubanci ga ra'ayi a sahun farko na abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi. Har adadin rundunar Bani Isra'ila da marubuta irin su Mas'udi suka kawo, mutum 600,000, ya tsaya ya yi wa lissafi ya ce ba zai yiwu ba. Malamin sakandare zai iya yin duka biyun daidai ƙarfin ɗalibansa. Ya ce wannan adadin rundunar Amurka ce ta bayar, wancan gwamnatin Biyetnam ce, me ya sa kuke ganin suka bambanta? In ya gama kawo riwaya, ya faɗi nasa hukuncin, amma ya sanar da su cewa yanzu fa ra'ayina nake faɗa, wanda yake da hujja ya ja da ni.

Da ni aka ba wa minti 40 ɗin nan, shekara ɗaya zan rubuta a allo, 1961. Ranar 17 ga Janairu aka kashe Lumumba, kuma a wannan ranar ce Eisenhower, tsohon janar, ya yi jawabin bankwana yana gargaɗin 'yan ƙasarsa kan haɗin bakin rundunar soja da kamfanonin ƙera makamai. A Maris Kennedy ya kafa shirin Peace Corps na tura matasa aikin sa-kai. A Afrilu 'yan gudun hijirar da CIA ta horar suka kai hari Kuba don kifar da Castro, aka murƙushe su cikin kwana uku. A Mayu aka ƙona motar masu fafutukar 'yancin baƙar fata a Alabama. A Yuni aka hana jakadan Chadi zama a gidan abinci. A Yuli Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a majalisa. A Agusta rukunin farko na malaman sa-kai na Amurka suka sauka a Ghana don koyarwa a makarantun sakandare. Sai in ajiye allin, in ce kowa ya ciro takarda ya zaɓi biyu daga ciki, ɗaya na waje ɗaya na gida, ya rubuta mini abin da ya haɗa su, ya kuma ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ra'ayinsa ce ba abin da ya faru ba.

Wallahu a'alam.